Yadda za ka sauya mariƙin sandar golf da hannunka a Gusau

Ɗan wasan golf da ke zaune a Gusau ya sani, sandunansa sun fi daɗewa a but ɗin mota a kan cikin fili. A bi ta Tsafe a faɗa Funtuwa, daga nan a miƙe Zariya ko Kaduna ko Kano, wani zubin har Abuja idan akwai gasa, duk tsawon tafiyar nan jaka na kwance a baya tana gasuwa. Ƙarfe ba ruwansa da wannan. Robar da ke saman sanda, wato mariƙin da hannu ke kamawa, ita ke shan wuya, kuma ita aka fi mantawa da ita. Za ka ga mutum ya zuba kuɗi ya sayi sabuwar direba, wato sandar bugun nesa, amma mariƙan ayon ɗinsa, sandunan nan masu kan ƙarfe da lamba a jiki, sun shekara biyar ba a taɓa su ba, sun yi sumul suna sheƙi kamar tsakiyar tsohuwar taɓarya.

Kamfanonin da ke yin mariƙi, irin su Golf Pride, shawararsu ita ce a sauya sau ɗaya a shekara ko bayan wasa 40, duk wanda ya riga zuwa. Wannan lissafi bai san bazararmu ba. A Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya wuce haka nesa. Zafi da hasken rana suna busar da roba ta sandare ko da ba a buga ƙwallo ko ɗaya da ita ba. Hunturu ya zo ya cika 'yan ramukan jikinta da ƙura, ga basilin ko man kaɗanya da kowa ke shafawa a hannu saboda kaushi, shi ma a mariƙi yake ƙarewa. Don haka kada ka ƙirga watanni, ka duba robar da idonka.

Abin da mataccen mariƙi ke yi wa bugu

Hannu ba ya shawara da kai. Da zarar ya ji sanda na neman zamewa, sai ya ƙara damƙa. Damƙar nan ba a yatsu take tsayawa ba, tana hawa wuyan hannu da damtse har kafaɗa. Wuyan hannun da ya ƙage ba ya lanƙwasa yadda ya kamata idan an ɗaga sanda, kuma ba ya sakin ta da sauri idan an sauko. Abu biyu ke biyo baya: gudun kan sanda ya ragu, nisa ya ragu, sannan fuskar sanda, wato gefen kan da ke dukan ƙwallo, ta iso ba ta gama rufewa ta kalli inda aka nufa ba. Ga mai bugu da dama, ƙwallo ta riƙa karkacewa dama ke nan. Da yawa sukan ɗora laifin a kan tsayuwarsu ko juyin ƙugunsu, su yi ta gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Na biyu shi ne murɗawa. Duk bugun da bai sami tsakiyar fuska ba yana ƙoƙarin juya sanda a cikin hannu. A filayen arewa da rani ƙasa ta yi tauri, kan ayon yana dukan ƙasa da ƙarfi, girgizar ta haura har hannu. Mariƙi mai rai yana riƙe wannan. Wanda ya yi santsi sai ya juya ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin nan a fuskar sanda, idan ƙwallo ta yi tafiyar mita ɗari da hamsin, ya zama faɗawa cikin ramin yashi.

A gajeren bugu ma ana jin abin. Weji, sandar ɗaga ƙwallo a gajeren nisa, da fota, ta gangara ƙwallo cikin rami, suna son hannu mai laushi, mai jin nauyin kan sanda. Wanda ya damƙe sanda don tsoron zamewa ba zai iya auna ƙarfin bugun mita goma ba.

Kafin ka sayi komai, wanke su

Ba kowane mariƙi mai santsi ne ya mutu ba, wani dauɗa ce kawai ta rufe shi. Sami ruwa mai ɗumi, sabulun wanke kwanuka ɗan kaɗan, da tsohon buroshin haƙori. Ka riƙe sanda mariƙi na kallon ƙasa don kada ruwa ya shiga cikin karan sandar ta ɗan ramin da ke gindin mariƙi. Goge sosai, ɗauraye har sabulu ya fita gaba ɗaya, domin sabulun da ya bushe a jiki ya fi dauɗar santsi, sannan a tsane da tawul a bar shi a inuwa. Masu taushi irin na kamfanin Winn ba a sa musu buroshi, fatar samansu na saɓulewa, jiƙaƙƙen tawul ya ishe su.

Idan ya bushe ka ji yana ɗan kama yatsa, yana da sauran kwana. Idan kuwa har yanzu yana sheƙi, ko ka danna shi da farce ka ji tauri kamar leda mai kauri, ko ka ga tsattsagewa a bakinsa na ƙasa, ko baƙi na fita yana ɓata safar hannu, to ya gama aiki. Duba kuma inda babban yatsa ke zama. Idan wurin ya lotsa ya yi rami, wannan shaida ce ta tsufa, kuma shaida ce cewa kana matsa sanda fiye da kima ko kana sake riƙo a tsakiyar bugu.

Dokar wasa ta ƙayyade sanda 14 a jaka. Goma sha uku daga ciki, wato duka ban da fota, gara a sauya su tare, da mariƙi iri ɗaya, don hannu ya riƙa jin abu guda. In aljihu bai kai ba, fara da waɗanda suka fi shan aiki: direba, weji, da ayon mai lamba 7 da kowa ke atisaye da ita.

Zaɓen girma: nan aka fi yin asara

Akwai awo biyu da ba a haɗa su. Na farko faɗin ramin cikin mariƙi, na biyu kaurinsa na waje bayan an saka.

Leƙa cikin bakin sabon mariƙi, za ka ga an rubuta lamba, yawanci 58 ko 60. Ma'anarta faɗin ramin inci 0.580 ne ko 0.600. Harafin R da ke biye da lambar na nufin cikinsa zagayayye ne. Akwai kuma masu ɗan tudu siriri da ya miƙe a bayansu daga sama zuwa ƙasa, wanda yatsu ke ji don su riƙa komawa wuri ɗaya. Shi ma gindin karan sanda yana da nasa faɗin, mafi yawa 0.580 ko 0.600, na mata kan sauka zuwa 0.560. Idan lambobin biyu suka dace, aka naɗa wa kara tef falle ɗaya kafin a zura mariƙi, kauri ya fito daidai yadda kamfani ya nufa. Idan ka sa mai 58 a kara mai 60, zai shiga, amma robar za ta buɗe, mariƙin ya fito da ɗan ƙarin kauri. Idan ka yi akasin haka, ya fito siriri, kuma sai an ƙara tef kafin ya kama da kyau.

Ba ka da ma'aunin kauri na masu aikin injin? Bayan ka cire tsohon mariƙi da tef, yanki siririyar takarda ka naɗa a gindin karan, ka sa alama inda ta haɗu, ka auna da rula. Mai 0.600 kewayensa kusan milimita 48 ne, mai 0.580 kuwa 46 da ɗan ɗori. Bambancin ƙarami ne, a auna sau biyu.

Kaurin waje kuma da hannunka ake auna shi. Auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Ƙasa da santimita 18, ƙaramin mariƙi. Daga 18 zuwa wajen 22, na gama-gari. Daga 21 zuwa 23 da rabi, matsakaici, wanda ya ɗara na gama-gari da milimita 1.6. Sama da haka sai babba, mai ƙarin milimita 3.2. Ka lura awon ya shiga juna a tsakiya, don haka gwajin hannu ne ke yanke hukunci: riƙe sanda da hannun sama kaɗai, hagu ga mai bugu da dama. Yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami su taɓa tudun tafin hannu da ƙyar. Idan suka nutse cikin naman, mariƙin ya yi siriri. Idan akwai rata, ya yi kauri.

Abin da masu koyarwa suka saba faɗa shi ne, siririn mariƙi na sa hannu yawan motsi, fuska ta rufe da wuri, ƙwallo ta ja hagu; mai kauri kuma na rage motsin hannu, ƙwallo ta tafi dama. Haka yakan kasance ga mutane da yawa, amma ba ga kowa ba, saboda haka kada ka sayi goma sha uku a kan wannan magana kaɗai. Sa ɗaya a ayon 7, yi mako biyu da shi. Dattawa masu ciwon gaɓoɓin yatsu kuwa, matsakaici ko babba ya fi musu sauƙi ko da awon hannunsu bai kai ba, don ba sai sun dunƙule hannu sosai ba.

Idan kana tsakanin girma biyu, tef ke raba gardama. Kowane falle na tef ɗin takarda, irin wanda masu fentin mota ke rufe gilashi da shi, yana ƙara kusan milimita 0.4. Falle huɗu sun kai na gama-gari kusa da matsakaici. Fiye da haka ba shi da amfani, robar na miƙewa ta yi tauri, gara ka sayi girman da ke sama.

Sai nauyi. Mariƙi na gama-gari kusan giram 50 ne. Duk ƙarin giram huɗu zuwa biyar a gindi yana sa a ji kan sanda ya rage nauyi da maki ɗaya a ma'aunin masu gyaran sanda. Wanda ya tashi daga giram 50 zuwa babban mariƙi mai giram 65 zai ji kamar an sauya masa sanda. Kafin ka fara aiki ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli, na kicin ko irin na masu awon zinari da ba a rasa su a Gusau. Bambancin giram biyu zuwa uku ba komai ba ne. Idan ka ga wannan 46 wancan 57 a cikin ƙunshi ɗaya, ga warin roba mai hawa kai, ga fentin rubutun ya zuba gefe, jabu aka sayar maka. Jabun mariƙi ya cika kasuwannin intanet, kuma a zafinmu wata uku ya ishe shi ya sandare. Araha ba ta ado.

Game da iri: ga mai yawan gumi, da wanda ke wasa da damina, mai zare a cikin roba ya fi, don zaren na shan danshi, sai dai yana cin safar hannu kuma yana da kaushi a tafin da hunturu ya busar. Akwai rabi da rabi, irin MCC na Golf Pride, zare a sama roba a ƙasa. Roba zalla irin Tour Velvet na Golf Pride ko Crossline na kamfanin Lamkin ita ce ta kowa da kowa, tana wankuwa, tana da juriya. Masu taushi sosai daɗin riƙo gare su ranar farko, amma su suka fi saurin lalacewa a but ɗin mota.

Kayan aiki

Tef mai danƙo fuska biyu na mariƙi, mai faɗin santimita 5. Kowace sanda na cin kusan santimita 27, don haka mita huɗu sun ishi jaka guda. A yi odarsa tare da mariƙan. Mai kumfa a tsakiya da ake manna hoto a bango da shi ba zai yi ba, ya yi kauri kuma yana tattarewa.

Ruwan da zai jiƙa danƙon: farin sifirit, wanda masu fenti ke tsinka fentin mai da shi. Kwata na lita ya isa har ya yi saura idan kana tare wanda ke zuba. Kada ka bari a ba ka tina ta fentin mota a madadinsa, tana cin fentin karan girafayit, wato kara marar nauyi da ba na ƙarfe ba, kuma tana ɓata roba. Kananzir yana sa mariƙi ya shiga, amma maiƙo gare shi, yana daɗewa bai bushe ba, wani lokaci mariƙin ya riƙa juyawa bayan kwana biyu. Fetur kuwa a bar shi inda yake, tururinsa na kama wuta daga nesa.

Wuƙa mai baki lanƙwasasshe kamar ƙugiya, irin ta masu shimfiɗa kafet. Bayis, wato matsin ƙarfen nan da ke ɗaure a teburin mai walda ko bakanike. Guntun tiyo na roba mai kauri, kamar santimita 10, a tsaga shi a tsaye don ya rungumi karan sanda a cikin bayis. Faranti ko tsohon kwano na tare ruwa, tsumma, alƙalamin maka, da ti ɗaya na ɗora ƙwallo.

Wuri da lokaci suna da muhimmanci a nan fiye da ƙasashen da aka rubuta umarnin jikin kwali dominsu. Da tsakar ranar bazara sifirit na bushewa kafin ka kai rabin tura mariƙi. Yi aikin bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhu da janareta da mai shan taba. Da sanyin safiyar hunturu kuma robar kan yi tauri, sai a shanya mariƙan a rana na minti biyar su saki.

Aikin kansa

Fara da weji ko wata sandar da ba ka damu da ita sosai ba, hannunka ya faɗa kafin ka kai ga direba.

Sa karan cikin tiyo, ɗaure a bayis kamar taƙi ɗaya ƙasa da bakin tsohon mariƙi, hancin kan sanda na kallon sama, layin ƙasan fuska a tsaye cak. Wannan saitin shi ne ma'auninka daga baya, kada ka yi masa garaje. Matsa bayis iya yadda sanda ba za ta juya ba, ka tsaya nan. Karan girafayit bututu ne na zare da danƙo, idan ka ji ƙas to ya tsage a ciki, kuma ba ya gyaruwa. Na ƙarfe ma yana lotsawa. Sa alama da maka a kan kara inda sabon mariƙi zai ƙare: jera shi a gefe, gindi da gindi, ka ja layi a bakinsa.

Saƙala ƙugiyar wuƙa a bakin tsohon mariƙi ka ja ta zuwa gindi, kana tura ta nesa da jikinka, ɗaya hannun yana bayan wuƙa. Yawancin raunin da ake ji a wannan aiki daga nan yake. Idan ba ka sami mai ƙugiya ba, a karan ƙarfe reza madaidaiciya za ta yi. A girafayit kuwa kada tsinin reza ya taɓa kara ko kaɗan. Zane ɗaya mai zurfi ya yanke zaren sama, sanda ta karye a ƙarƙashin hannunka wata rana a tsakiyar bugu. Yanka robar sama-sama, ka ƙarasa da yage ta da hannu.

Cire tsohon tef shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi mutane ke tsallakewa. Sabon tef a kan tsoho yana ƙara kauri ba bisa ƙa'ida ba, ya bar tudu da kwari a ƙarƙashin hannu. Ɗumama shi da na'urar busar da gashi, ko ka jingina sandar a rana na minti goma, sai ya ɓare cikin sauƙi. A ƙarfe kana iya kankarewa da wuƙa. A girafayit farce da tsohon katin roba kawai, kuma zafin ya zama kaɗan. Goge sauran danƙo da tsumma mai sifirit har kara ya yi fes, a bar shi ya bushe.

Tun da gindin a buɗe yake, duba shi. Tsatsa a karan ƙarfe, wadda damina ke jawowa, a goge ta da soson ƙarfe mai laushi. Idan ta ci har ta yi ramuka, karan ne ke son sauyi. Kifa sandar ka zazzage, idan akwai abin da ke ƙara a ciki yanzu zai fito. Sandunan gwanjo sau da yawa za ka tarar an yi musu ƙari a gindi don a tsawaita su. Girgiza ƙarin, idan yana motsi a sake manna shi kafin a rufe.

In za ka yi ƙarin kauri, tef ɗin takarda ke fara hawa, falle bayan falle, kowanne a sauya inda bakinsa ke haɗuwa don kada su taru wuri ɗaya su yi tudu. Rubuta adadin da ka sa, duk sandunan su zama ɗaya. Sannan tef mai fuska biyu: shimfiɗa shi a tsaye daga ɗan sama da alamarka, kamar rabin santimita, zuwa gindi, ya zarce gindin da santimita ɗaya da rabi. Naɗe gefe ɗaya, sannan ɗayan, ka lailaye da yatsa kada ya bar ƙunci. Ɓare takardar bayansa. Murɗe abin da ya zarce ka cusa cikin ramin kara. Wannan toshiyar na hana sifirit da ruwan sama shiga ciki, kuma tana rufe kaifin bakin kara don kada ya yanki cikin mariƙi.

Toshe ɗan ramin gindin sabon mariƙi da ti ko da yatsa. Zuba sifirit ciki, kamar cokali biyu na cin abinci, rufe bakin da babban yatsa, girgiza har ko'ina ya jiƙe. Juye shi a kan tef daga wannan ƙarshe zuwa wancan, faranti na ƙasa. Ƙara wani daga kwalba har ka ga babu busasshen wuri, musamman ƙasan kara da ido ba ya gani. Ba a rowar sifirit. Wanda ya yi yawa bushewa zai yi, wanda ya yi kaɗan mariƙi zai ci maka.

Yanzu sauri. Cire ti ɗin don iska ta sami hanyar fita. Matsa bakin mariƙi ya ɗan buɗe, shigar da shi ta ƙasan gindi a karkace, miƙe shi, ka tura da hannu biyu a tafi ɗaya ba tsayawa, hannu ɗaya a baki ɗaya a gindi, har ka ji gindin kara ya daki murfin. Kana da kamar minti ɗaya, da bazara ma bai kai ba, ka daidaita. Tsaya a bayan sanda ka saita alamar da ke bakin mariƙi da wadda ke gindinsa su yi layi ɗaya da fuska. Duba zanen jikinsa daga sama zuwa ƙasa, kada ya murɗe a tsakiya. Kwance bayis, buga gindin a ƙasa sau biyu a hankali, ajiye kan sanda kamar za ka buga ƙwallo ka sake dubawa. Idon da ke kallo daga sama ya fi na bayis gaskiya.

Goge abin da ya zubo, jingina ta a inuwa. Awa biyu zuwa huɗu na iya isa, amma bari ta kwana shi ne kwanciyar hankali, balle da damina. Gwada murɗa shi da hannu kafin ka yi bugun farko.

Inda abin ke ɓaci

Mariƙi ya tsaya a rabi. Ko sifirit ya yi kaɗan, ko ka tsaya gyara tsayuwa. Ja shi baya nan take, sake jiƙa ciki da tef, sake turawa. Idan ya riga ya kama, ɗura sifirit ta ƙarƙashin bakinsa da sirinji marar allura kana murɗawa. In ya ƙi, sai yanka. Shi ya sa mai buƙatar goma sha uku zai sayi goma sha huɗu.

Gindi ya yi laushi, yana lanƙwasa idan an danna. Bai kai ƙarshe ba, akwai fanko tsakanin murfi da kara. Sandar ta ƙara tsawo, kuma wurin zai yage.

Bakin ya wuce alamar da ka ja. Ka ja robar ta miƙe, mariƙin ya yi siriri a hannun ƙasa. Tura shi baya zuwa alamar tun yana jiƙe. Idan bai kai alamar ba kuma ya tattare ne, ya yi kauri. Wannan shi ke sa sanduna biyu masu mariƙi iri ɗaya su bambanta a hannu.

Tudu a ƙarƙashin roba na nufin tef ya naɗe lokacin turawa, yawanci don an manna shi a kan kara mai danshi ko mai tsohon danƙo. Ba shi da magani sai sakewa.

Akwai kuskure guda da ya shafi sandunan zamani masu kan da ake kwancewa da makulli don sauya tashin ƙwallo. A yawancinsu, idan ka sauya saiti karan ne ke juyawa, mariƙin ya juya tare da shi. Mai tudu a baya sai tudun ya koma gefe. Irin waɗannan a sa musu zagayayye marar tudu, wanda zanensa ɗaya ne ta ko'ina.

Fota, iska, da dokar wasa

Mariƙin fota yana da shafaffen gaba inda manyan yatsu ke kwanciya, kuma dole shafaffen nan ya yi daidai da fuska. Karkata kaɗan ta isa ta sa ka riƙa saita gefen rami kana ganin daidai kake. Ka ba shi lokaci fiye da sauran: ɗora rula a kan shafaffen, ka hango ta tare da fuskar fota daga gindi. Manya irin na kamfanin SuperStroke ba sa miƙewa kamar roba, suna son sifirit mai yawa, kuma ta gindi ake tura su, ba a jan bakinsu.

Mai faci na iya saka maka mariƙi da iska ba tare da sifirit ba. Tef ɗin takarda kawai ake naɗawa, a sa bakin mariƙi a gindin kara, a cusa siririn bakin tiyon iska a ɗan ramin, a riƙa ba shi iska kaɗan-kaɗan ana turawa. Amfaninsa, ana wasa da sandar nan take, kuma ana iya zare mariƙin da ransa idan girman bai yi ba. Haɗarinsa, mai faci ya saba da taya: idan ya sake iska gaba ɗaya robar ta kumbura ta fashe. A rage ƙarfin injin zuwa kamar 40 ko 50 a ma'aunin taya, a riƙe jikin mariƙin da tawul, a kawar da fuska. Ya fi dacewa da roba zalla.

Dokokin kayan wasa, waɗanda hukumar R&A da ke St Andrews a Sikotilan da takwararta USGA ta Amurka ke fitarwa, sun ce mariƙin kowace sanda ban da fota dole ya zama zagayayye, sai dai an yarda da siririn tudun nan madaidaici. Ba a yarda da mai gurbin yatsu ba, ko mai ƙullutu ko tsukakken ƙugu a tsakiya, kuma kaurinsa kada ya wuce inci 1.75. Mai gurbin yatsu na atisaye ne kawai. Wannan ya shafi masu naɗa tsohon tib na babur a sanda idan mariƙi ya yage: kaurin ba ya daidaita, da gumi ya taɓa shi sai santsi, kuma a gasa ana iya ƙalubalantarsa. Fata kuwa halas ce, da ita aka fara kafin roba. Baduku mai hannu zai iya yanka tsiri mai faɗi ɗaya, ya fere gefunansa, ya naɗa shi a karkace a kan siririyar robar ciki da ake sayarwa don haka. Sai dai fata na son kulawa da damina.

Bayan an saka, abin da ke tsawaita kwanansu kaɗan ne. Jaka ta kwana a ɗaki, ba a mota ba, kuma a doguwar tafiya a rufe ta da bargo ko a sa ta a kujerar baya inda sanyin mota ke kaiwa. A wanke hannu da sabulu kafin a fara wasa idan an shafa mai, haka ma bayan maganin sauro na shafawa, don wasunsu na narkar da roba. A ce wa yaron da ke ɗaukar jaka ya jiƙa gefe ɗaya na tawul, ya riƙa goge mariƙi kamar yadda yake goge kan sanda, ya kuma daina jefa sanduna cikin jaka da ƙarfi, domin gogayyar da suke yi da juna a ƙasan jaka ita ke cinye gefen murfi. Wanki da sabulu sau ɗaya a wata ya isa, da hunturu a mayar da shi duk mako biyu.